Ɗaukar Hoton Ƙananan Halittu da Makomar Sunayensu a Ajin Hausa

Gabatarwa

Daga cikin darussan da akan koya wa ɗalibin Hausa tun yana firamare akwai sunayen dabbobi da tsuntsaye da ƙwari. Darasi ne da ake raina wahalarsa, domin malami yakan jera sunaye a allo, yara su maimaita, a kaɗa ƙararrawa a tashi. Sai dai kash, ba abin mamaki ba ne a sami malamin da ya rubuta damo da guza a allo alhali ba zai iya bambance su ba, ko wanda yake ɗaukar rina da zanzaro abu guda ne. Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, ya kamata ɗalibi mai koyon aikin malanta ya iya ɗaukar hoton ƙananan halittun yankin da zai koyar, suna raye kuma a muhallinsu, sa'annan ya haɗa kowane hoto da sunansa na Hausa daga bakin mutanen wurin. An zaɓi ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, domin kafa misali.

Abin da Ke Salwanta

Suna ba ya rayuwa idan ba a san mai shi ba. Hausa tana da tarin karin magana da kirari da aka gina a kan ƙananan halittu. Akan ce damo sarkin haƙuri, akan kira mutum ƙadangaren bakin tulu, akan ce jikin wane yana ɓari kamar mazari, akan kuma gargaɗi mutum da cewa hawainiyarsa ta kiyayi ramar wani. Yaron da bai taɓa ganin yadda fukafukan mazari suke kaɗawa ba zai haddace maganar domin jarrabawa, amma hikimar da ke cikinta ta wuce shi. Ke nan, hasarar ba ta tsaya ga kalma ɗaya ba, ta shafi adabin da ya rataya a wuyanta.

Magabata sun yi nasu ƙoƙarin. J. M. Dalziel ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 yana ɗauke da sunayen tsuntsaye da ƙwari masu yawa, haka ma na R. C. Abraham na 1949. R. M. East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah domin bayyana halittu iri-iri da harshen Hausa. Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Amma bayanin ƙamus a kan irin waɗannan halittu sau da yawa gajere ne, bai wuce a ce wani irin tsuntsu ne ko wani irin ƙwaro ba. Wanda bai riga ya san halittar ba, irin wannan bayani ba zai nuna masa ita ba. Abin da ya rage shi ne a sada sunan da kamannin, kuma a yau babu hanyar da ta fi hoto sauƙi da arha, tunda akasarin ɗaliban kwalejojin ilimi suna riƙe da waya mai kyamara.

Ƙasar Gaya da Ajingi a Matsayin Aji

Gaya tsohon gari ne a kan hanyar Wudil zuwa Dutse, wanda tarihin baka ya danganta shi da Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala. Ajingi tana arewa da ita. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da gyaɗa da wake, mai itatuwan kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo a tsakiyar gonaki, ga kuma fadamu da kududdufai da rafuka irin su Dudurun Gaya, waɗanda ruwansu yake gangarawa Kogin Haɗeja. Malamin da aka tura Kademi ko Shagogo ko Toranke ko Balare ba ya bukatar zuwa Yankari ko Falgore kafin ya sami abin ɗauka. Bayan katangar makaranta kawai ya ishe shi farawa.

Kowane lokaci na shekara yana da nasa baƙi. Da bazara shamuwa takan iso, alamar damina ta ƙarato. Bayan ruwan farko shinge yakan fito da almuru, tsuntsaye da kwaɗi su yi ta wawaso. Da damina ta yi nisa sai a ga mulufi ya yi ja-wur a kan karan gero, alhali da rani ba a bambance shi da sauran tsuntsayen ciyawa. Da kaka fara takan yawaita, zalaiɗu kuma yana jan dogon bindinsa. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, gawo yakan yi ganye, ƙwari da tsuntsaye su koma kansa. Ga kuma jan baki, wanda manoman gero da shinkafa na kwarin Haɗeja suka daɗe suna fama da ɓarnarsa, wanda masana suke ganin babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Duk wannan kalandar halitta ce da tsofaffin manoma suka haddace, amma ba ta cikin littafin da yaro yake ɗauke da shi zuwa aji.

Sanin Hali Kafin Sanin Na'ura

Kuskuren da mai koyo yakan fara yi shi ne bin halitta da gudu. Ƙadangare ya fi mutum zafin nama, kurege kuwa kafin a saita waya ya shige rami. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya ƙware ba ya bin dabba, yakan san inda za ta zo ya riga ta isa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne ga Bahaushe. Maharba sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya suna kwaikwayon tafiyarsa har su kusanci namun daji. A Ingila ma, 'yan'uwan nan biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka fitar da littafi a kan sheƙunan tsuntsaye a 1895 mai ɗauke da hotunan da suka ɗauka da kansu, sai da suka ƙera saniyar ƙarya suna shiga cikinta domin kada tsuntsaye su tsorata. Dabarar guda ce, bambancin kawai shi ne maharbi yana komowa da gawa, mai hoto kuwa yana barin halittar tana ci gaba da harkarta.

Akwai halayen da sanin su yake sauƙaƙa aikin. Ƙadangaru da ƙwari ba su da ɗumin jiki na kansu, da zafin rana suke samun kuzari. Saboda haka da sassafe, musamman a lokacin sanyi, akan same su a lafe suna shan hantsi, kuma a sa'annan ne suka fi yarda a kusance su. Jan gwada yana da wurin da ya mallaka, ko kan katanga ko kututture, inda yakan hau yana gyaɗa kai; wanda ya gane wurin sai ya zauna ya jira. Mazari yakan tashi ya kamo ƙwaro ya komo kan tsinken da ya bari, sau da yawa a jere, don haka tsinken ake saitawa, ba mazarin ba. Zanzaro mai gini yana safarar laka daga bakin kududdufi ko gindin randa, yana zuwa yana komawa ta hanya ɗaya. Sha-kauci ba ya nisa da furen kauci. Farar tumfafiya kuwa sunanta ma ya faɗi inda za a same ta. Kurege idan ya ji motsi yakan miƙe a kan ƙafafun baya ya duba kafin ya ruga, wannan ɗan tsaikon shi ne damar mai hoto.

Wajen kusanta, akan tafi a hankali, a sunkuye, ba tare da kaɗa hannu ba. A kula kada inuwar mutum ta faɗa kan halittar, domin inuwa mai motsi a wurinta alamar shaho ce ko shirwa. Tufafi masu duhu ko ruwan ƙasa sun fi farar riga. Mutum ɗaya ko biyu sun isa, ayarin yara masu surutu ba ya barin ko tururuwa ta natsu.

Sarrafa Kyamara

Matsaloli biyu ne suke ɓata hoton ƙaramar halitta: motsi da ƙarancin zurfin saiti. Kyamara tana ɗaukar hoto ne ta hanyar buɗe idonta na ɗan lokaci domin haske ya shiga. Idan abin da ake ɗauka ya motsa kafin idon ya rufe, hoton zai fito dishi-dishi. Ƙudan zuma yana kaɗa fukafukansa fiye da sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Don haka mai son tsayar da tsuntsu ko ƙwaro mai motsi yana bukatar ƙyaftawar da ba ta wuce kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba, wani lokaci ma kashi 1 cikin 2000. Amma gwargwadon saurin ƙyaftawa, gwargwadon ƙarancin hasken da ke shiga. Wannan ne ya sa ake son wuri mai wadatar haske, rana tana bayan mai ɗauka ko a gefensa. Hasken hantsi da na la'asar sun fi na tsakar rana, wanda yakan ƙone launi ya bar baƙar inuwa. Wayoyi da dama suna da sashen da mutum yake zaɓar saurin ƙyaftawa da kansa, waɗanda ba su da shi kuma sukan ƙara saurin da kansu idan haske ya wadata.

Matsala ta biyu ita ce, idan aka matsa kusa sosai, yankin da yake fitowa tangaran a hoton yakan tsuke har ya koma 'yan milimitoci. Ana iya samun kan fara ya fito sarai, cikinta kuwa ya dushe. Maganin wannan shi ne a saita a kan ido, domin idan ido ya fito, mai kallo yakan yafe sauran. Sa'annan a riƙe wayar daura da tsawon jikin halittar, ta yadda kai da bindi za su zama nisa ɗaya da gilashin kyamara. Akasarin wayoyi ba su iya saiti idan an matsa ƙasa da kimanin santimita 10, sai an maƙala musu ɗan gilashin ƙara girma. Jawo hoto da yatsa fiye da ƙima kuwa yana rage ingancinsa, gara a ɗauka daga inda aka samu dama, daga baya a yanke gefe.

Bugu da ƙari, a sauko daidai tsayin halittar. Hoton ƙadangare daga sama ba ya nuna komai sai baya, amma idan aka durƙusa aka daidaita da idonsa, sai maƙogwaro da farata da launin kai su bayyana. A dafa gwiwar hannu a ƙasa ko a jingina da itace don kada hannu ya yi rawa. A yi amfani da tsarin ɗauka a jere, wanda yake ɗaukar hotuna da yawa a latsawa ɗaya, domin cikin 20 ba a rasa ɗaya mai kyau. A lokacin hunturu kuma a yawaita goge gilashin da ƙyalle mai laushi, saboda ƙura.

Hoto Ba Suna Aikin Banza Ne

A nan ne aikin malamin Hausa ya bambanta da na mai ɗaukar hoto don nishaɗi. Kowane hoto yana bukatar a rubuta masa abubuwa biyar: sunan halittar, garin da aka ɗauka, ranar ɗauka, abin da aka same ta a kai ko take ci, da kuma karin magana ko kirari ko tatsuniya ko camfin da ya shafe ta. Da ɗan gari akan ci gari. Manoma da maharba da masunta da makiyaya da tsofaffin mata su ne ƙamusun wannan fanni, kuma hoto a waya yana buɗe bakinsu fiye da tambayar baki. Kada a dogara da mutum ɗaya, a nuna wa uku ko huɗu. Idan suka saɓa, a rubuta duk sunayen, domin saɓanin kansa darasi ne na karin harshe, musamman a yankin da yake maƙwabtaka da ƙasar Dutse da Ringim. Idan kuma babu wanda ya san sunan, a bar gurbin a buɗe, kada malami ya ƙirƙiro nasa.

Alal misali, idan ɗalibai 40 suka fita koyarwar gwaji, kowanne ya komo da hotunan halittu 5 da cikakken bayani, sashen Hausa ya tara hotuna 200 a zango ɗaya. Ko da rabinsu maimaici ne, abin da ya rage ya isa a shirya katunan koyarwa da allon bango da ɗan ƙaramin ƙamus mai hotuna. Da hoto ɗaya na hawainiya ana iya koyar da sifa da launi, da insha'in siffantawa, da karin magana, da ginin jimla.

Har ila yau, amfanin bai tsaya ga harshe ba. Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015, wanda ya dogara da 'yan sa-kai masu rubuta abin da suka gani a yankunansu. Akwai kuma dandalin iNaturalist, inda masana daga ƙasashe daban-daban suke taimakawa wajen tantance halittar da aka saka hotonta. Malamin da ke zaune a ƙauye shekara da shekaru yana ganin abin da mai bincike na kwana biyu ba zai gani ba.

Hujjojin Masu Suka

Wasu za su ce intanet cike take da hotuna, me ya kai malami rarrafe a bakin fadama? Amsar ita ce, wanda ya nemi hoton kurege a intanet yana iya samun na Turai ko Amurka mai hawan itace, wanda ba shi ne kuregen tatsuniya mai haƙa rami ba. Daɗin daɗawa, a yanzu akwai hotunan da kwamfuta take ƙirƙirowa, masu kama da gaske amma da gaɓoɓin ƙarya. Hoton da malami ya ɗauka da hannunsa a bayan makaranta ba ya cikin wannan shakku, kuma yaro yana iya fita ya gaskata shi da idonsa. Gani ya kori ji.

Wasu kuma za su ce wannan aikin malamin kimiyya ne. Malamin kimiyya zai koyar da gaɓoɓin fara da yadda take hayayyafa, amma yawanci da sunan Ingilishi. Bambancin babe da sauran fara, ko na gara da zago, ko na cinnaka da kwarkwasa, amana ce da ke wuyan malamin Hausa. Idan suka haɗa hannu, ya fi kyau.

Akwai masu kawo batun kuɗi da lokaci, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Ba kowace waya ce take ɗaukar tsattsewa tana shawagi ba, wannan sai babbar kyamara mai dogon gilashi. Amma ba da tsattsewa ake farawa ba. A fara da buzuzu da ƙoƙi-ƙoƙi da hawainiya, a wuce zuwa malam-buɗe-littafi da ƙadangare, sa'annan a gwada tsuntsu. Minti 30 kafin a shiga aji, sau biyu a mako, sun wadatar. Sashe kuma yana iya mallakar kyamara ɗaya mai kyau da za a riƙa ba da aro.

Game da hukuncin hoto a addini, malamai sun yi maganganu mabambanta, kuma da yawa daga malaman wannan zamani sun halatta hoton kyamara idan don ilimi ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malaminsa, kada a tilasta masa, yana iya ɗaukar nauyin tattara sunaye da rubuta bayani. Abin da babu saɓani a kansa shi ne muhimmancin lura da halitta. Akwai surorin Alƙur'ani masu ɗauke da sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo, hadisi kuma ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin harbi.

Ladubban Aiki

Wannan hani na ƙarshe ya taɓo wani abu da kowane malamin ƙauye ya sani, wato yara da danƙo. Yaron da ya fi kowa iya harbin tsuntsu shi ne ya fi kowa sanin inda tsuntsu yake kwana da abin da yake ci. Malami mai hikima zai jawo shi ya zama jagora, ya nuna masa cewa kusantar tsuntsu har a ɗauki hoton idonsa ya fi kayar da shi wuya, ya kuma fi shi abin alfahari. Amma wannan ba zai yiwu ba idan malamin da kansa yana cutar da abin da yake ɗauka. Don haka kada a ɗaure ƙafar fara da zare, kada a karya fiffike, kada a taɓa sheƙa ko a kakkarya rassan da suka rufe ta, domin uwa tana iya gudu ta bar ƙwai, shaho kuma ya sami hanya. Hoton da aka samu ta hanyar azabtarwa yana koyar da ƙarya, tunda ba haka halittar take zaune ba.

Sa'annan a nemi izinin mai gona kafin a shiga, a sanar da mai unguwa abin da ake yi don kauce wa zargi, kada kuma a juya kyamara kan mutane ko gidajensu ba da yardarsu ba. A sa takalmi rufaffe, a duba wuri kafin a durƙusa, domin kububuwa da kunama suna son irin wuraren da ƙadangare yake so. Kada a zura hannu a rami ko a ɗaga dutse da yatsu. Gidan rina da amyar zuma kuwa daga nesa ake gaishe su.

Kammalawa

A taƙaice, ƙananan halittun ƙasar Gaya da Ajingi suna nan, tsofaffin da suka san sunayensu ma suna nan, amma ba za su dawwama ba. Ya kamata sassan Hausa na kwalejojin ilimi su sanya wannan aiki cikin abin da ake auna ɗalibi da shi a darasin kayan koyarwa da lokacin koyarwar gwaji, su kuma tanadi wurin adana abin da aka tara tare da bayanansa. Shi kuwa ɗalibi, ba sai ya jira an umurce shi ba. Ranar da ya isa makarantar da aka tura shi, ya dubi katanga da gindin randa da tumfafiyar bakin hanya, ya zaɓi halitta ɗaya, ya yi mako guda yana lura da ita kafin ya latsa kyamara. Idan hoton ya samu, ya kai wa dattijon da ya fi kusa ya tambaye shi sunanta.